Kafin Ka Cike JAMB: Yadda Ake Zaɓen Kwas da Makaranta

Duk shekara a cikin hunturu, da zarar an ce JAMB ta buɗe rajista, nakan ajiye darasin Kemistiri na rana ɗaya in zauna da 'yan ajin ƙarshe. Ina bin su ɗaya bayan ɗaya da tambaya: me za ka cike? A ajin kimiyya kusan bakinsu ɗaya, likita. In na leƙa ajin 'yan adabi, lauya. Sai in ce to, a cikinku wa ya taɓa wuni guda tare da likita a wurin aikinsa, ko ya shiga kotu ya zauna ya ga yadda ake shari'a? Nan ajin yake yin tsit.

Ba na ganin laifinsu, domin ni ma ta nan na biyo. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya so ƙwarai a ce ɗansa likita ne, ni ma na so. Sau uku ina cike likitanci, a zamanin da ake rubuta JAMB da fensir a kan takarda, sau uku ban samu ba. Makina bai taɓa kusantar abin da ake nema ba, kuma babu wanda ya zaunar da ni ya gaya mini haka. Shekara uku na yi ina tsaron shagon yayana, abokan karatuna kuwa har sun kusa gamawa. Daga baya wani tsohon malaminmu ya ja ni gefe ya ce in tafi kwalejin ilimi. Na yi NCE, na shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, na fito da digiri, yau ga ni ina koyarwa, aikin da nake so har cikin raina. Amma shekaru ukun nan ba su dawo ba, kuma saboda su nake wannan rubutu.

Yawancin yara daga sunan kwas suke farawa, ko daga sunan makaranta. Ni shawarata a juya abin. Ka fara daga aikin da kake son ka riƙa wayar gari kana yi nan da shekara goma, sannan ka dawo da baya: wane kwas ne yake kai mutum can, waɗanne darussa kwas ɗin yake nema, wace makaranta ce take koyar da shi da izini, kuma makinka da aljihun gidanku za su iya ɗauka?

Je ka ga aikin da idonka

Gani ya kori ji. Kafin ka rubuta sunan kwas a takarda, ka nemi mutum biyu ko uku da suke wannan aikin. Ba sai manyan mutane ba. A kowace unguwa akwai nas, akwai malamin lab, akwai wanda ya karanci injiniyanci. Ka je ka gaishe shi da ladabi, ka roƙi ya ba ka minti talatin. Ka tambaye shi yadda wuninsa yake tafiya daga safe zuwa dare, me ya fi gundurarsa a aikin, shekara nawa ya yi bayan gama karatu kafin ya fara samun abin riƙe gida, kuma abokan karatunsa ina suke yanzu. Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi sauran muhimmanci. Mutum ɗaya da ya dace ba ya nuna maka kasuwar kwas, ajinsu gaba ɗaya ne yake nunawa.

Idan lauya kake son zama, kotu a buɗe take ga kowa. Ka shiga kotun majistare ko babbar kotu ka zauna a baya. Za ka ga cewa mafi yawan aikin karatu ne da rubutu da jiran a kira ƙara, kuma sau da yawa a ɗage ta. Idan wannan bai kashe maka gwiwa ba, alama ce mai kyau. Idan aikin jinya kike so, ki nemi wata anti da take aikin ta ba ki labarin aikin dare, da wankin ciwo, da ɗakin haihuwa. Na san yarinyar da ta shekara tana kiran kanta nas, ranar da ta raka ƙanwarta ɗinki a asibiti ta ga jini sai da aka riƙe ta. Yanzu akanta ce, kuma tana jin daɗin aikinta.

Ka kuma lissafa shekaru. Likitanci shekara 6 ne, sai shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sai hidimar ƙasa. Lauya shekara 5, sai kusan shekara guda a makarantar horar da lauyoyi, wadda hedikwatarta take Bwari kuma tana da reshe a Bagauda da Yola. Injiniyanci da aikin gona da digirin jinya da kimiyyar gwaje-gwajen asibiti duk shekara 5 ne. Likitan dabbobi 6. Wannan lissafin takarda ne, ban sa yajin aiki a ciki ba. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi kusan wata 9 tana yaji, a 2022 kuma wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗan fari a gidan da ake jiran ya gama ya tallafa wa ƙanne, wajibi ne ya dubi wannan lissafi da idon basira.

Ka faɗa wa kanka gaskiya a kan makinka

Nan ne wurin da ya fi ciwo, kuma nan nake so mu daɗe. Jarrabawar JAMB darussa huɗu ce, Turanci dole, jimillar maki 400. A sakamakon da aka fara fitarwa a 2025, cikin kusan mutum miliyan 2 da suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai 200 ba. A 2025 ɗin, mafi ƙarancin makin da aka amince jami'a ta ɗauki ɗalibi da shi 150 ne, kwalejojin fasaha da na ilimi kuma 100. Yara da yawa suna jin 150 sai su ɗauka sun haye. Ba haka ba ne. Wannan ƙofar gida ce kawai. Kowane sashe a cikin jami'a yana da nasa ma'aunin, kuma likitanci da lauya da jinya da haɗa magunguna suna can sama nesa, domin masu nema dubbai ne, gurabe kuwa ƙalilan. Ba son rai ba ne ya sa guraben suka yi kaɗan. Hukumar kula da likitoci ta MDCN ce take ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban likitanci da za ta horar, haka ma majalisar ilimin shari'a take yi wa sashen lauya. Ko shugaban jami'a baffanka ne, ba zai haura wannan adadi ba tare da jefa makarantar cikin matsala ba.

To ta yaya za ka san matsayinka tun kafin jarrabawa? Ka samo tambayoyin shekarun baya, ka zauna ka kulle ƙofa, ka sa agogo awa 2, ka amsa tambayoyi 180 kamar yadda ake yi a zauren jarrabawa: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. Ka yi haka sau biyar a ranaku daban-daban, ba leƙen amsa. Abin da kake samu a tsaka-tsaki shi ne kai a yanzu. Ƙoƙari zai ɗaga shi, amma wanda yake yawo a 170 ba ya wayar gari a 290 cikin wata biyu. Ka ɗauko kuma katin sakamakonka na SS1 da SS2 ka duba. Darasin da kake ci ba tare da an matsa maka ba, wanda kake karantawa har dare ya raba ba ka sani ba, can ƙarfinka yake.

Sai batun kiredit. Ana neman guda 5 a darussan da suka dace da kwas ɗin, daga WAEC ko NECO ko NABTEB, ko NBAIS ga 'yan makarantun Arabiyya. Ka dage ka samu Turanci da Lissafi duka biyun, ko wane fanni za ka, domin za su bi ka har wurin neman aiki. Makarantu da yawa suna yarda a haɗa sakamako biyu, amma a likitanci galibi zama ɗaya ake nema.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na haɗin darussa, domin ba rashin ƙoƙari ne yake jawo shi ba, rashin tambaya ne. Wata ɗalibata mai hazaƙa ta nemi digirin jinya, ta ci maki sama da 250, amma ta sa darasin Aikin Gona a maimakon Fizis don ta fi iya shi. Ba a ko duba sunanta ba. Shekara guda ta tafi. Likitanci da jinya da haɗa magunguna suna neman Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fizis. Injiniyanci yana neman Turanci da Lissafi da Fizis da Kemistiri. Lauya yana neman Adabin Turanci, kuma da yawa daga yaranmu ba su ma ɗauke shi a sakandare ba, sai ranar rajista suke jin labari. Mai son fannin shari'ar Musulunci ya duba sharaɗin Larabci ko Ilimin Addinin Musulunci. Akanta yana neman Lissafi da Tattalin Arziki. Duk wannan yana rubuce a kundin JAMB da ake kira IBASS, kyauta ne a intanet, kuma a ciki kowace makaranta ta faɗi nata ƙarin sharaɗin. Ka buɗe shi da kanka, ka karanta layin makarantar da kake so. Kada ka dogara da bakin aboki ko na mai shagon kwamfuta.

Idan makinka bai kai likitanci ba amma zuciyarka tana asibiti, asibiti ba likita kaɗai ne a cikinsa ba. Akwai mai gwajin jini, akwai mai ɗaukar hoton ƙashi da ciki, akwai mai gashin ƙashi, akwai likitan ido, akwai ungozoma, akwai jami'in lafiyar al'umma da ake horarwa a makarantun koyon kiwon lafiya, wanda shi ne yake riƙe da yawancin ƙananan asibitocin karkararmu. Kowannensu yana da lasisi da hukumar da take kula da shi. Amma a nan zan yi gargaɗi ɗaya. Kwasa-kwasai irin su Bayokemistiri da Maikurobayoloji da Anatomi ilimi ne mai kyau, sai dai ba su ba ka lasisin duba marar lafiya ko aikin lab na asibiti. Yara da yawa suna karɓarsu da tunanin in sun shiga za su sauya zuwa likitanci a aji biyu. Ana samun wanda ya dace, amma kaɗan ne ƙwarai, kada ka gina rayuwarka a kan wannan fata.

Akwai kuma fannonin da muke rainawa alhali a tsakiyarsu muke zaune. Mu ne masu shanu da awaki da kaji, amma yaro sai ya ji kunyar cewa likitan dabbobi zai karanta, ga shi kuwa ana koyar da shi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Mu ne masu noman rani a Kadawa da Bakolori, ga cibiyar binciken aikin gona a Samaru, ga ta dabbobi a Shika, ga cibiyar noman ƙasa mai ƙarancin ruwa a Jami'ar Bayero. Wanda ya karanci noma kuma gidansu akwai gona, ba ya jiran takardar ɗaukar aiki kafin ya fara. Koyarwa ma haka. Ba zan ɓoye maka ba, albashinta ba ya sa mutum ya yi kuɗi. Amma malamin Lissafi ko Fizis ko Turanci da ya iya aikinsa, ban taɓa ganin ya rasa inda zai koyar ba.

Zaɓen makarantar

A fom za a ba ka damar zaɓen makarantu fiye da ɗaya, amma ka ɗauka zaɓin farko shi ne zaɓinka. Manyan jami'o'in da ake rububinsu, irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, masu sa su a farko ma sun fi ƙarfin gurabensu, balle su waiwayi wanda ya sa su a na biyu. Don haka kada ka ɓata layin farko a kan makarantar da ka san makinka ba zai kai ba don kawai sunanta yana da daɗin faɗa. Kwas ɗin da ya gagare ka a Zariya yana iya samuwa a Dutse ko Dutsin-Ma ko Kashere, waɗanda aka kafa a 2011, ko Gusau ko Birnin Kebbi ko Gashuwa, na 2013, ko a jami'ar jiharku.

Ka san yadda jami'o'in tarayya suke rabon gurabe. Kashi 45 cikin 100 na cancanta ne zalla, wanda ya fi maki daga ko'ina a ƙasa. Kashi 35 na jihohin da suke yankin jami'ar ne. Kashi 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda suke baya a ilimin boko, kuma Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Zamfara da Kebbi da Yobe da Borno da Bauchi da Gombe duk suna ciki. Ma'anar wannan ita ce jami'ar da take yankinku ta ba ka ƙofa fiye da ɗaya. Kuma kason nan na 20 yana aiki har a jami'o'in tarayya na kudu, inda yaranmu ba su cika nema ba. Wanda iyayensa suka amince kuma yake da inda zai sauka, ya sa wannan a lissafi.

Kafin ka yanke, ka tabbatar kwas ɗin yana da izini a wannan makarantar. Ba makarantar kaɗai ba, kwas ɗin kansa. Hukumar NUC ce take tantance na jami'o'i, NBTE da take Kaduna take tantance na kwalejojin fasaha, NCCE kuma na kwalejojin ilimi. Kwas na sana'a yana buƙatar izini na biyu daga hukumar sana'ar: MDCN ga likitoci, COREN ga injiniyoyi, haka masu jinya da masu haɗa magunguna kowa da tasa. Sabon sashen da bai samu wannan ba yana iya riƙe ɗalibai shekaru ba su gama ba, ko su gama a hana su lasisi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi ɗalibin da yake aji uku ko huɗu a wannan sashen ka tambaye shi: an taɓa yaye wasu? Sun samu lasisi? Ɗalibai ba sa ɓoye irin wannan.

Sai kuɗi. Ka ɗauki takarda da biro ka zauna da wanda zai biya. Kuɗin rajista na shekara kashi ɗaya ne kawai, kuma tun 2023 jami'o'in tarayya da yawa sun ƙara shi sosai. Ka rubuta kuɗin ɗaki, domin ɗakunan kwanan makaranta ba sa isar kowa, da yawa haya suke kamawa a waje. Ka rubuta abinci, da kuɗin mota zuwa gida da dawowa, da littattafai da gurza takardu, da data. Wasu kwasa-kwasan suna da nasu cin kuɗin: mai karatun zanen gine-gine da mai karatun kwamfuta ba su da makawa sai da laftof. Jami'o'in jihohi sukan sauƙaƙa wa 'yan asalin jiha, su tsawwala wa baƙo. Ka ninka abin da ka samu da yawan shekarun kwas ɗin. Na ga yara masu ƙoƙari sun bar karatu a aji uku, ba don sun faɗi ba, sai don tun farko ba a yi wannan lissafi ba. Yaron da zai riƙa zuwa lakca daga gidansu yana cin tuwon mahaifiyarsa ya rage rabin nauyin. Ka duba hanya kuma. A halin da ake ciki, iyaye suna da gaskiya idan suka tambayi wace hanya za ka riƙa bi da kuma ko hankali zai kwanta.

Akwai tallafi, a neme shi. Asusun NELFUND da aka buɗe a 2024 yana ba ɗaliban makarantun gwamnati rancen kuɗin makaranta ba ruwa, da ɗan abin kashewa duk wata, kuma sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Bashi ne, ka shiga da sanin haka. Jihohi kuma suna da hukumomin tallafin karatu, sai dai kada ka jingina abincinka da su, domin ba kullum suke zuwa a kan lokaci ba.

Ba jami'a ce kaɗai hanya ba

A kwalejin fasaha ana yin ƙaramar difloma shekara 2, a fita aikin koyon sana'a shekara 1, a dawo babbar difloma shekara 2, kuma mai babbar difloma yana zuwa hidimar ƙasa. Gaskiya ne har yanzu ana nuna bambanci tsakaninta da digiri a wasu wuraren aiki, musamman na gwamnati. Amma ga mai son aikin hannu, lantarki ko gini ko safiyo ko gyaran injuna, wurare irin su Kaduna Poli da ta Kazaure da ta Ƙauran Namoda da ta Birnin Kebbi suna sa shi ya taɓa ƙarfe da waya tun da wuri. NCE shekara 3 ce. Da ita, ko da difloma mai kyakkyawan sakamako, ko da IJMB, jarrabawar karatun share fagen shiga jami'a wadda Jami'ar Ahmadu Bello take kula da ita, ana shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Ta nan na bi. Da na shiga NCE tun shekarar farko, da a shekarar da na cike JAMB ta uku ina dab da riƙe takarda a hannu.

Abu ɗaya a kiyaye: wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi, kuma masu karatun wucin gadi na yamma ko ƙarshen mako su ma ba sa zuwa. Idan hidimar ƙasa tana cikin lissafinka, ka tambaya kafin ka biya kuɗi.

Game da karatun waje, magana kaɗan. A farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako 6. Duk wanda ya ce maka zai samo maka digiri cikin gaggawa, kuɗinka yake so. Wanda kuma ya karanto likitanci a waje, sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa marar lafiya a Nijeriya.

Zama da iyaye

Da yawa ba su ne suke zaɓa wa kansu ba. Baba ya ce likita, magana ta ƙare. Kada ka yi musu da mahaifinka, kada kuma ka tafi a ɓoye ka cike wani abu. Iyaye ba sunan kwas suke so ba, so suke su ga ka tsaya da ƙafarka, kuma likita da lauya su ne ayyukan da suka ga sun tsayar da mutane. Ka je masa da takarda a hannu: Baba, ga abin da nake samu a gwaji, ga abin da ake nema, ga wani fannin da nake ganin zan iya, ga wane da wane da suka karance shi, ga abin da suke yi yanzu. Idan kana jin nauyi, ka nemi kawu ko baffa ko malaminka ya raka ka. Na sha yin wannan rakiya, kuma ban cika ganin uban da aka zo masa da hujja cikin ladabi ya ƙi saurara ba. Ku yi istihara, ku nemi albarkarsu.

Ke kuma ƙanwata, akwai maganar da gara a yi ta tun yanzu. Idan akwai batun aure a gaba, kwas mai shekara 5 ko 6 yana buƙatar a zauna da iyaye da wanda zai aure ki a yi magana a fili: za ki ci gaba, a wane gari, wa zai biya, kuma idan kin gama za ki yi aikin, har da na dare idan na asibiti ne? Kada a bar shi a kan "ai za mu gani". Matanmu suna matuƙar buƙatar mata likitoci da ungozomomi da malamai, kuma na ga da yawa sun haɗa aure da karatu sun gama lafiya. Waɗanda na ga sun gama ɗin, galibi an yi wannan magana tun kafin a kai lefe.

Ranar rajista da bayanta

Ka je da lambarka ta NIN, kuma tun kafin ranar ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a NIN da takardar WAEC ko NECO. Mu Hausawa wannan yana cin mu ƙwarai: nan Muhammad, can Mohammed, nan sunan uba a tsakiya, can sunan gari a ƙarshe. Harafi ɗaya yana iya tsayar da mutum a ƙofar hidimar ƙasa bayan shekara biyar. Layin wayar da za ka nemi lambar rajista da shi ya zama naka na kanka, ba na aboki ko na mai shago ba, kuma ka adana shi, domin ta nan saƙonnin JAMB za su riƙa zuwa. A cibiyar da JAMB ta amince da ita kaɗai ake rajista. Ka zauna kusa da mai shigar da bayanan, ka karanta allon da idonka kafin ya tura, musamman kwas da darussa huɗun nan. Ana cikin layi da hayaniya, shi kuma sauri yake.

Idan sakamako ya fito ka ga makinka bai kai abin da ka nema ba, JAMB tana ba da damar canza kwas ko makaranta da ɗan kuɗi kaɗan. Ka yi shi da wuri, kafin makarantar ta rufe tantancewarta, domin wasu jarrabawa suke yi, wasu kuma takardu kawai suke dubawa. Ka tabbatar an ɗora sakamakonka na sakandare a shafin JAMB, in ba haka ba ba za a ba ka gurbi ba ko makinka nawa ne. Tun 2017 duk gurbin karatu ta manhajar CAPS yake fitowa, a can za ka ga an ba ka, a can za ka danna ka karɓa. Gurbin da wani ya ce ya samo maka ta bayan fage, wanda bai fito a CAPS ba, kada ka biya ko sisi a kansa.

Wani lokaci makaranta takan ce ba ta ba ka abin da ka nema ba, amma ga wani kwas. Kada ka danna karɓa cikin murna, kada kuma ka ƙi cikin fushi. Ka ɗauki kwana biyu ka yi masa abin da ka yi wa na farko: ka nemi wanda ya karance shi, ka tambaye shi ina 'yan ajinsu suke. Idan hanya ce da za ka iya bi, bismilla. Idan ba ita ba ce, kuma tazarar da ta hana ka abin da kake so kaɗan ce, maki goma ko ashirin, to sake zama sau ɗaya ba laifi ba ne, muddin a wannan shekarar kana zuwa darasi da gaske kuma kana koyon wata sana'a da rana, ɗinki ko gyaran waya ko haɗa sola. Idan kuwa tazarar maki tamanin ce ko ɗari, ka karɓi abin da makinka ya kai, ko ka nufi difloma ko NCE a wannan shekarar, ka dawo jami'a ta aji biyu.